Yabon Kaka Bai Isa Ba, A Faɗi Wanda Ya Ci Guminsa

Da wuya ka sami dangin da ba su da mutum guda da ake tunawa da shi saboda aiki. Bai yi sarauta ba, bai bar dukiyar a zo a gani ba. Abin da ya rage nasa 'yan kalmomi ne da aka yi ta maimaitawa har yara suka haddace: tun kafin asuba yake fita, sai dare ya yi yake dawowa, bai san hutu ba, da guminsa aka rufa wa gidan nan asiri. Galibi kuma ba a ɗauko zancensa sai yaro ya ƙi tashi da safe, ko saurayi ya ajiye aiki ya ce jikinsa ba zai iya ba. Nan take za ka ji babba ya ce, "Kai da ka ga kakanka, da ka san ba ka yi komai ba."

Ina ganin girman wannan labari, kuma ba na so ya mutu. Damuwata ita ce guntunsa muke bayarwa. Mukan faɗi yawan aikin, mu tsallake wanda aka yi wa aikin, da abin da ya biya, da halin da aikin ya bar jikin mutumin a ciki. In aka zare waɗannan, sai wahala ta koma abin alfahari kawai da abin yi wa yara gori, alhali wanda ya sha ta, da za a tashe shi a tambaye shi, ina kyautata zaton babban burinsa shi ne kada jikansa ya ɗanɗana irinta.

A ce jikoki sun gaji labarin cewa kakansu ya yi aikin kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila. Da jin haka sai mutum ya ɗauka wani jarumi ne ya ɗaura ɗamara ya tafi neman na kansa. Wasu kam haka suka je. Amma a farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wani yanki na ƙasar Malesiya ta yau, inda Ingila ke samun kaso mai tsoka na kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta waiwayo Najeriya ta kafa aikin tilas. Aka yanka wa lardunan Arewa yawan mazajen da za su kawo, umarni ya gangaro ta hannun hakimai da dagatai. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi mutum wajen 100,000 zuwa ramukan haƙa, jama'a na kiran abin diban gwamna. Manoma ne aka raba da gonakinsu, aka kai su tudun da ba su saba da sanyinsa ba, ga makwanci marar kyau, ga ƙarancin abinci, ga cuta. Wasu a can suka mutu, da yawa suka gudu. Ingila kuwa ta riga ta amince da yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930, sai dai yarjejeniyar ta bar kafa saboda lokacin yaƙi, ta nan aka bi.

To jikan da aka ce wa "kakanka ya yi aikin kuza" aka yi shiru, an faɗa masa gaskiya, amma an riƙe mafi nauyinta. Bai san ko da ƙafarsa kakan ya je ko ɗaukarsa aka yi ba. In kuma yana cikin waɗanda suka tsere, mai yiwuwa dangi sun binne zancen don suna ganin abin kunya ne, alhali mutumin da ya ƙi yarda a yi ta haƙa da shi har ya faɗi bai yi abin kunya ba.

Cikin duk maganganun da ake rakiyar labarin kakanni da su, wadda ta fi ci mini rai ita ce wai wahala ba ta kisa. Tana kisa mana. Tsakanin 1921 da 1934 Faransa ta shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 500 da 'yan kai daga Burazabil ta ƙasar Kongo zuwa bakin teku, ta cikin kurmi da duwatsu, da hannun mutanen da aka kwaso da ƙarfi, wasu tun daga kudancin Chadi. Aƙalla mutum 17,000 suka mutu a aikin. Sai a 1946 Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da ta mallaka. Saurayin da ya mutu a gefen layin nan kafin ya yi aure ba shi da jikan da zai ce yau kakana ya yi kaza. Labarin da ya iso gare mu na waɗanda suka rayu ne, mu kuma sai muka dube su muka yanke hukuncin cewa aiki komai tsananinsa ba ya halaka mutum. Har gobe Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta sanadin aiki, kuma mafi yawansu ba hatsari ne ke kashe su nan take ba, cuta ce da aikin ya dasa musu take cin su a hankali.

Kakana na wajen uba ɗan dako ne. A gidanmu ana cewa yakan ɗauki buhun da mutum biyu ke kokawa da shi, kuma bai taɓa kwanciya ciwo ba. Da wannan na tashi. Sai da na girma na zauna da babbar 'yarsa, na ce, "Gwaggo, wai da gaske ne bai taɓa ciwo ba?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wa ya gaya maka? Kwanciyar ce dai bai yi ba, don in ya kwanta babu mai ba mu." Ta ce kowane dare yakan yi rub da ciki a tabarma, ita da ƙanwarta su hau bayansa suna tattakawa har barci ya ɗauke shi. Tsakiyar kansa, inda gammo ke zama, gashi ya daina tsirowa. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, ta kuma fi ta hagu sauka. Da tsufa ya kama shi wuyansa ya ƙi juyawa, in an kira shi ta baya sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Na tambaye ta ko cikin masu kayan da ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar wa akwai wanda ya leƙo shi bayan ya daina fita. Ta ce ita dai ba ta gani ba.

Wannan zama ƙara masa daraja ya yi a idona. Wanda ba ya jin ciwo, in ya ɗauki kaya ba wani abin mamaki ya yi ba. Mutumin da ya kwana da baya kamar zai tsinke, gari ya waye ya sake durƙusawa aka aza masa, shi ne ya yi abin a yaba. Kuma a ranar ne na fara tambayar kaina ina ribar kayan nan ta tafi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, in ji masu iya magana. Duk aikin da ya karya ƙashin wani, akwai aljihun da ya cika. Labarin gida da ya ambaci mai gumi ya manta da mai aljihu yana koya wa yaro cewa haka duniya take, wasu an halicce su don ɗauka, wasu don ƙirga.

Na san abin da wasu manya za su ce, kuma ba zan yi watsi da shi ba. Za su ce wannan tone-tone ne. Mutumin ya yi haƙuri da rabonsa, ya mutu da mutuncinsa, bai taɓa kai ƙarar kowa ba, mene ne na jikoki su zo suna kuka a madadinsa? Za su ce yaran yanzu ma ba a gaya musu ciwon ba suna raki, ina ga an gaya musu? Akwai gaskiya a ciki. Kakanninmu ba abin tausayi kawai ba ne. Sun san aikinsu, suna alfahari da shi. Ɗan dako ya san yadda ake daidaita kaya a ka don kada ya rinjayi wuya, mahaƙi ya san ƙarar da rami ke yi kafin ya rufta, masunci ya san ruwa. Wannan ilimi ne, kuma labarin da ya mai da su waɗanda aka zalunta kawai, shi ma ya tauye su. Sai dai haƙuri ado ne ga wanda ya yi shi, ba ya wanke wanda ya jawo shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kamar yadda Ibn Majah ya ruwaito. Wannan umarni kan mai sa aiki ya hau. Mu kuwa mun ɗauki dukkan wa'azin mun jibga wa lebura: yi haƙuri, ƙara himma, dubi kakanka.

Batun raki kuma, ban yarda gaskiya na sangartar da yaro ba. Yaron da ya ji yadda aka tattaka bayan kakansa kafin ya iya barci zai fi ganin nauyin abin da aka yi dominsa fiye da wanda aka ce wa kakansa ƙarfe ne. Na farko ya ga mutum irinsa, zai iya koyi da shi. Na biyu an ba shi almara, kuma ba mai koyi da almara.

Akwai kuma kakan da ba a cika ambata ba, wanda ya ce ya isa. Awa takwas na aiki a rana da muke gani kamar daga sama ta faɗo, sai da ma'aikata suka yi shekaru suna yajin aiki, ana kora ana ɗaurewa, kafin a rubuta ta a yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙan kwal 21 a kwarin Iva da ke Enugu, a kan rikicin haƙƙinsu na aiki. Su ma kakannin wasu ne, su ma sun yi aiki tuƙuru, kuma abin da suka bar wa na baya bai gaza na mai haƙuri ba.

Wani giɓin da ya fi wannan faɗi shi ne na mata. Ka saurari yadda ake ba da labarin: kaka namiji ne ke da aiki mai suna, manomi, maƙeri, direba, lebura. Matarsa fa? Sai a ce ai ita ba ta aiki, tana gida. Wadda ta riga shi tashi ta bi bayansa kwanciya, ta ɗebo ruwa, ta yi wanki, ta yi goyo da ciki a lokaci guda, ta yi jinyar iyayensa, ta kuma yi 'yar sana'ar da ke toshe ɓaraka ranar da ya dawo hannu rabbana. A rahotonta na 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna cewa kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya, mata ke yin sa. In a yau haka abin yake, ba sai an faɗi na zamanin da babu famfo babu injin ba. Har a labarin da na bayar na kakana, akwai 'yan mata biyu ƙanana da ba sa barci sai sun gama tausar ubansu, kuma ba wanda ya taɓa lissafa wannan a matsayin aiki.

Wani zai ce duk wannan zancen cikin gida ne, ina ruwan jama'a? Da ruwansu, domin sau da yawa abin da ya canja doka shi ne bakin ma'aikaci da aka saurara dalla-dalla. A 1838 ruwan sama ya malala cikin ramin kwal na Huskar a arewacin Ingila, yara 26 suka nutse. Bayan haka aka kafa kwamitin bincike da ya bi ramuka yana tambayar yara da mata da bakinsu. Rahoton da ya fito a 1842 bai tsaya kan cewa suna shan wahala ba. Ya faɗi yadda ake ajiye yaro ɗan shekara shida ko ƙasa da haka a cikin duhu, shi kaɗai, awa goma sha biyu, yana buɗe ƙofar iska yana rufewa. Ya faɗi yadda mace ke ɗaura bel a ƙugu, sarƙa ta ratsa tsakanin ƙafafunta, tana rarrafe tana jan akwatin kwal. A shekarar nan majalisa ta hana sa mata da yaran da ba su kai shekara 10 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa. Da an tsaya ga yabon juriyarsu, da sun ci gaba da rarrafe ana sa musu albarka.

Misalin da ya fi kusa da zamaninmu yana Afirka ta Kudu. Shekara da shekaru mahaƙan zinare na shaƙar ƙurar dutse, ƙurar ta daskarar musu da huhu, tarin fuka ya biyo baya. In mutum ya kasa sai ya koma ƙauyensu, a Lesoto ko Mozambik ko Malawi ko wani lungu na ƙasar, ya ƙarasa a hannun matarsa. A 2018 manyan kamfanonin zinare shida suka amince da biyan diyyar rand biliyan 5 a kuɗin ƙasar, kotu ta tabbatar da sulhun a 2019, aka kafa asusun Tshiamiso don biyan waɗanda suka yi aiki tun daga 1965 da magadansu. Sai ga tambayoyi sun taso waɗanda yabo ba ya amsawa. A wane rami ya yi aiki? Daga wace shekara zuwa wace? Mene ne lambarsa ta aiki? Me ya kashe shi? Gidan da ya adana tsohon katin aiki da takardar asibiti yana da abin riƙewa. Gidan da abin da ya sani kawai shi ne baba ya yi aiki a Johannesburg ya dawo yana tari, hanyarsa ta fi tsawo ƙwarai. A nan tunawar iyali ta tashi daga hira ta zama hujja.

Kuma ga yawancin ma'aikatan duniya, iyali ne kaɗai ma'ajiyar tarihinsu. Mutum wajen biliyan 2, wato kusan shida cikin kowane ma'aikata goma, suna aiki ne ba takardar ɗauka, ba fansho, ba sunansu a rajistar kowa. A Afirka abin ya haura takwas cikin goma. Takardun hukuma kan ƙirga leburori da adadi, na kamfani kan ƙirga tan nawa aka fitar. Sunan mutumin, da yatsan da inji ya cinye masa, da watan da aka hana shi kuɗinsa, in 'ya'yansa ba su riƙe ba, sun tafi ke nan.

Lokaci kuwa ba ya jira. A Amurka an soke bauta a 1865, amma sai tsakanin 1936 da 1938 gwamnati ta tura marubuta su ɗauki bayanin waɗanda suka rayu cikinta. An tattara labari fiye da 2,300, suna nan a ɗakin karatu na majalisar ƙasar, taska ce babba. Sai dai an makara da shekara saba'in. Waɗanda aka tarar yawancinsu yara ne lokacin bautar, manyan da suka fi sanin zafinta sun riga sun kwanta dama. Ga shi kuma akasarin masu tambayar fararen fata ne, tsoho baƙar fata a kudancin Amurka na wancan zamani kuwa dole ya auna abin da zai faɗa wa baƙo irin wannan. Jika yana da damar da baƙo ba shi da ita. Ana iya gaya masa abin da ba za a gaya wa jami'i ba, in dai ya iya tambaya, ya kuma iya yin shiru ya saurara.

Iya tambayar shi ne kada a ce "ba ni labarin kaka", domin haddar nan za a sake karanto maka. A tambayi ƙananan abubuwa. Da wane hannu yake riƙe diga? Wa ke biyansa, ranar yaushe, kuma an taɓa hana shi? Yana da shekara nawa ya fara? Ina ne ke masa ciwo? Ranar da bai samu ba, wa ya rufa asiri? A tambayi mata daban, domin su suka ga jikin bayan an tuɓe riga, kuma ba lalle su faɗa a gaban maza ba. In tsohuwa ta ce wannan ba na faɗa ba ne, a ƙyale ta, haƙƙinta ne. In bakin mutum biyu ya saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa, kada a zaɓi mai daɗin.

Tambayar shekarun da ya fara aiki ita na fi so a riƙe, saboda yadda muke amfani da amsarta. "Yana ɗan shekara bakwai ya fara neman na kansa" magana ce da ake faɗa da alfahari, wani lokaci a gaban yaron da ake shirin cirewa daga makaranta. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF suka fitar na 2024 ya ce yara wajen miliyan 138 ke cikin aikin da bai dace da shekarunsu ba. Da yawa daga cikinsu suna hannun manyan da suka yi imani cewa haka aka yi wa na gaba kuma ba abin da ya same su. Wani abu ya same su. Mu ne ba mu tambaya ba.

Wayar da ke aljihun kowa yanzu ta isa ɗaukar murya, amma waya na ɓata, tana lalacewa, ana sayar da ita. Abin da aka ɗauka a rubuta shi a takarda, da ranar da aka ɗauka da sunan mai magana, a raba wa gida biyu ko uku cikin dangi. Tsohon katin aiki, rasit, hoto, takardar sallama, a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu. Makarantun sakandare za su iya mai da wannan aikin hutu ga ɗalibai, ƙungiyoyin ƙwadago da jami'o'i kuma su buɗe wurin karɓar kwafi daga iyalan da suka yarda, tare da sharaɗin cewa iyalin ne ke da ikon cewa a fitar ko a rufe.